Kan Sarki: Gajeren Ramin da Ke Kunyata Gwanaye a Troon

Garin Troon yana bakin teku ne a yammacin Sikotlan, cikin yankin Ayrshire, tafiyar kamar minti 40 a jirgin ƙasa daga babbar tashar birnin Gilasgo. Ba wani babban gari ba ne, mazaunansa kimanin 15,000 ne, kuma sunansa ya samo asali daga wata tsohuwar kalma mai nufin hanci, saboda wani tsinin ƙasa da ya kutsa cikin ruwa, wanda a kansa tashar jiragen ruwa take. A da can kwal ne abincin garin. Tun a 1812 aka shimfiɗa layin dogo daga Kilmarnock zuwa wannan tasha, dawakai na jan taragun kwal, daga baya kuma aka kafa masana'antar ƙera jiragen ruwa wadda ta ciyar da gidaje masu yawa kafin ta rufe a shekarar 2000. Yanzu kwal ya tafi, ƙarar guduma ta yi shiru. Abin da ya rage yana kiran sunan Troon a duniya shi ne wata doguwar shimfiɗar yashi da ciyawa a kudancin garin, inda kulob ɗin golf na Royal Troon yake tun 1878.

Na san mai karatu zai iya cewa, me ya haɗa kifi da kaska? Wasan golf, wanda gidajen rediyonmu ke kira ƙwallon lambu, a wurinmu wasan manyan ma'aikata ne da hafsoshin soja da attajirai, kuma yawancinmu iyakar saninmu da shi hangen kore daga bayan shinge a Kano ko Kaduna ko Jos ko Abuja. Amma a ƙasar da wasan ya girma lamarin ya sha bamban, kuma akwai wani rami guda a filin Troon da ya cancanci a yi masa tattaki ko da mutum bai taɓa riƙe sandar wasan ba. Shi ne rami na takwas, wanda Turawa suka laƙaba wa sunan da fassararsa a Hausa ita ce Kan Sarki, wato 'yar takardar nan da ake manna wa wasiƙa a gidan waya.

Ga wanda bai saba da wasan ba, tsarinsa ba shi da wuyar fahimta. Fili yana da ramuka 18. A kowanne, ɗan wasa zai fara bugu daga wani keɓaɓɓen wuri, ya bi ƙwallonsa yana bugawa har ya jefa ta cikin wani ɗan rami mai faɗin milimita 108, wanda ke tsakiyar wani dandali da aka aske ciyawarsa ƙwal ta zama kamar darduma, an kuma kafa tuta a cikinsa domin a hango shi daga nesa. Wanda ya gama da mafi ƙarancin bugu shi ya yi nasara. Doka ta yarda mutum ya ɗauki sanduna har 14, kowacce da irin nisan da take kai ƙwallo da irin tsayin da take cilla ta sama. Kowane rami kuma yana da ƙa'idarsa, wato adadin bugun da ake sa ran gwani zai yi: dogon rami bugu biyar, matsakaici huɗu, gajere uku. A gajeren rami ana so bugun farko ya sauka a kan dandali, sannan a mirgina ƙwallo sau biyu ta faɗa.

Tsawon Kan Sarki yadi 123 ne, wato kimanin mita 112, ya ɗan ɗara tsawon filin ƙwallon ƙafa kaɗan. Shi ne rami mafi gajarta a duk filayen da ake karɓa-karɓar gasar Open, gasar golf mafi tsufa cikin manyan gasanni huɗu na duniya. Ƙwararren ɗan wasa na yau yana iya cilla ƙwallo yadi 300 da bugu ɗaya, don haka a takarda wannan rami wasan yara ne. Gajere kuwa ba yaro ba ne.

Daga tsakiyar gari na bi bakin ruwa na nufi kudu. Rairayin yana da faɗi idan teku ta janye, tsofaffi suna yawo da karnukansu, tsibirin Arran da duwatsunsa yana can ƙetaren ruwa kamar hadarin da ya ƙi tasowa. Dokar Sikotlan ta 2003 ta ba mai tafiya a ƙasa damar ratsa filin golf muddin bai taka dandalin rami ba, bai kuma shiga hancin masu wasa ba, don haka baƙo irina yana iya ganin abubuwa da yawa ba tare da ya biya kuɗin wasa ba, wanda a wannan kulob ba ƙaramin kuɗi ba ne. Lokacin zafinsu ne, rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe goma na dare, har mai jiran Magariba ya riƙa duba agogo yana zargin ta lalace. Duk da haka sai da na ƙara riga a kan riga, domin iskar da ke tasowa daga teku ba ta san da wani lokacin zafi ba.

Irin wannan fili ba lambu ba ne, ko da yake mun kira wasan da sunan lambu. Ƙasa ce da teku ta bari, tudun yashi bayan tudun yashi, ba ta yi wa manomi amfanin komai ba sai kiwon tumaki da zomaye. Babu bishiyoyi. Ciyawar siririya ce mai tauri, ruwan sama yana zurarewa cikin yashi nan da nan, saboda haka ƙasar takan yi ƙarfi, ƙwallo ta faɗi ta yi tsalle ta ci gaba da gudu inda ba a aike ta ba. A gefe akwai wata ƙaya mai furanni rawaya wadda duk ƙwallon da ta shiga cikinta sai dai a yi mata addu'a. Ramuka shida na farko suna bin gaɓar teku a miƙe, kuma a yawancin ranaku iska tana tura ɗan wasa daga baya, ya ji kamar ya fi ƙarfin filin. Na shida ma, wanda aka ja tsawonsa zuwa yadi 623 a gasar 2024, shi ne rami mafi tsawo da aka taɓa bugawa a tarihin Open. Na bakwai ya karkata cikin tuddai ya ba teku baya. Sai na takwas ya juyo da mutum ya fuskanci ruwa da iska gaba da gaba.

Wurin bugun farko yana kan wani tudu. Daga can ana hango wani ƙaton dutse a tsakiyar teku mai kama da tulun da aka kifa, Ailsa Craig, wanda daga jikinsa ake sassaƙo duwatsun da ake turawa a kan ƙanƙara a wasannin Olamfik na hunturu. Da sunan wannan dutse aka fara kiran ramin, Ailsa, kafin Willie Park ƙarami, wanda ya ci Open a 1887 da 1889, ya kwatanta ƙanƙantar dandalin da kan sarki a wani rubutu da ya yi, sunan kuma ya bi shi har yau. A ƙasan tudun akwai kwari mai doguwar ciyawa. A ƙetaren kwarin dandalin yake, dogo siriri kamar tabarmar sallah da aka shimfiɗa a tsaye, an yanko shi daga jikin wani tudun yashi da ya tsaya masa a hagu. Ta dama ƙasa ta zube ƙasa sosai. Tarkunan yashi biyar suka kewaye shi, kuma ba irin faffaɗan yashin nan ba ne mai kyan gani a talabijin. Rijiyoyi ne. Ana gina bangonsu da yankakkun ɓawon ciyawa, ana jera su ɗaya kan ɗaya kamar tubali, har bangon ya miƙe kusan a tsaye. Wanda ya fi suna cikinsu yana hagu, matse tsakanin tudu da dandali, dogo ne mai kusurwa huɗu, kuma sunansa Akwatin Gawa. James Braid, wanda ya ci Open sau biyar, shi ake danganta wa ƙara shi gabanin gasar 1923, karon farko da aka kawo ta Troon.

Daga wancan lokaci zuwa 2024 an buga Open sau goma a nan, kuma kusan kowane zuwa sai Kan Sarki ya bar labari. A 1950 wani Bajamushe mai suna Hermann Tissies, wanda ba ƙwararre mai cin abinci da wasan ba ne, ya yi bugu 15 a wannan rami mai ƙa'idar uku, yana fita daga wannan tarko yana faɗawa wancan. A 1997 Tiger Woods, yana ɗan shekara 21, watanni uku bayan ya ci gasar Masters da tazarar bugu 12, ya buga 64 a zagaye na uku ya farfaɗo da fatan magoya bayansa. Washegari ya zo nan ya faɗa yashi ya tashi da bugu shida, magana ta ƙare. A 2024 Rory McIlroy ya yi biyar a ranar farko bayan ƙwallonsa ta gangara cikin tarko, bugunsa na farko daga yashi kuma ta dawo masa. Washegari Joaquin Niemann na ƙasar Chile ya yi takwas. A rana ta uku Shane Lowry, wanda ke jan ragamar gasar, ya shiga Akwatin Gawa ya fito da biyar, daga nan kuma ranar ta juya masa baya ya gama da 77. Waɗannan mutane ne da suke buga dubban ƙwallaye a mako, da ma'aikata masu auna musu nisa da iska.

Amma labarin da na fi so shi ne na Gene Sarazen. A 1923 ya zo Troon yana saurayi, yana riƙe da kambin gasar Open ta Amurka, ya kasa tsallake ko zagayen share fage, ya koma gida da kunya. Bayan shekara 50 cif, a 1973, ya dawo yana tsoho ɗan shekara 71. Ya tsaya a kan tudun nan, ya zaro sanda mai lamba biyar, wadda matasa ke amfani da ita a nisan da ya fi wannan sosai, ya buga ƙwallo ƙasa-ƙasa cikin iska, ta faɗi ta mirgina ta shige rami. Bugu ɗaya. Washegari ƙwallonsa ta faɗa tarko, ya shiga ya bugo ta daga cikin yashi ta sake shigewa rami. Zuwa biyu, bugu uku, bai taɓa sandar mirginawa ba. Ba abin mamaki ba ne sosai ga wanda ya san cewa Sarazen ne ake danganta wa ƙirƙiro sandar fita daga yashi irin ta zamani, wadda ya ci Open da ita a 1932. Ernie Els na Afirka ta Kudu shi ma ya jefa da bugu ɗaya a nan a 2004.

Na daɗe a gefen tudun ina kallon masu wasa na yau da kullum suna zuwa rukuni-rukuni, kuma ba a jima ba na fara gane abin da zai faru da ƙwallo tun kafin a buga ta, daga sandar da mutum ya zaro. To me ya sa nisan da bai kai a kira shi nisa ba yake wahalar da mutane haka?

Dalili na farko yana jikin sandar. Gajeren nisa yana buƙatar sanda mai kwantaccen baki, wadda aikinta shi ne ta cilla ƙwallo sama ƙwarai tana juyawa da baya. A ranar da babu iska wannan shi ne abin so, domin ƙwallon za ta faɗo daga sama ta tsaya cak. Amma idan iska tana busowa daga gaba, wannan juyi na baya shi ke sa ƙwallo ta ƙara hawa sama kamar shirwa, ta tsaya tana lilo, ƙarfinta ya ƙare, ta faɗo kafin ta kai. Mutum kuma idan ya ji iska a fuskarsa, abin da zuciyarsa ke raya masa shi ne ya ƙara ƙarfi. Ƙarin ƙarfi yana ƙara juyi, ƙarin juyi yana ƙara hawa, sai iska ta samu abin wasa. Idan kuma daga gefe take busowa, duk daƙiƙar da ƙwallo ta ƙara a sama tazara ce da za a kwashe ta zuwa dama, inda gangara ke jira. Har wanda ya sauka a kan dandalin bai tsira ba tukuna, domin ƙwallo mai yawan juyi tana iya faɗuwa kusa da tuta ta ja da baya da kanta har ta zube cikin tarkon gaba.

Maganin da 'yan wasan bakin teku suka gada shi ne abin da tsoho Sarazen ya yi. A ɗauki sandar da ta fi nisan da ake bukata da lamba ɗaya ko biyu, wani lokaci uku, a riƙe ta ƙasa da inda aka saba, a ajiye ƙwallo ta ɗan koma wajen ƙafar baya, a yi lilon da bai cika ba, cikin natsuwa, hannaye su tsaya ƙasa bayan bugu. Ƙwallon za ta fita ƙasa-ƙasa da ƙarancin juyi ta huda iska. Faɗar wannan ya fi yinsa sauƙi, domin jikin ɗan wasa ya saba da cikakken lilo, kuma rabin lilo yana buƙatar awo da hannu wanda sai an daɗe ana yi ake samunsa. Akwai kuma girman kai. Namiji mai jin ƙarfi yana tsaye gaban abokansa a ramin yadi 123 ba ya son a ga ya zaro sandar da ake bugun yadi 160 da ita. Na ga da yawa sun zaɓi kare mutuncinsu a kan tudu, suka je suka zubar da shi cikin yashi.

Akwai wasu ƙananan dabaru da doka ta halatta waɗanda gaggawa ke sa a manta. Wurin bugun farko ba layi ba ne kawai, fili ne da ya kai zurfin tsawon sanda biyu a bayan alamomi, don haka wanda nisan ya faɗo masa tsakanin sanduna biyu yana iya ja da baya kaɗan ya daidaita. Yana iya tsayawa a gefen dama ko hagu domin ya canza kusurwar da yake fuskantar dandali. Kuma a nan kaɗai doka ta yarda a ɗora ƙwallo kan ɗan tsinke, gatan da ba a samu a sauran bugu. Wanda ya jefar da ita kan ciyawa ya buga, don nuna ya iya, ya yar da kyauta. Tutar da ke kan dandali ma ba kullum take faɗin gaskiyar iska ba, domin tudun hagu yana iya kare ta, alhali can sama inda ƙwallo za ta bi ana ta kaɗawa. Gara mutum ya dubi gajimare da saman ruwa, ya tuna yadda iskar ta yi masa a rami na bakwai.

Sai dai abin da ya fi duk waɗannan nauyi shi ne inda mutum ya sa ido. A dogon rami ɗan wasa ba ya ganin tuta da kyau, don haka yana buga wa fili ne. A gajere kuwa ga ta nan kamar ya miƙa hannu ya taɓa, sai kwaɗayi ya shigo, shi kuwa mabuɗin wahala ne. Masu kafa tuta sun san haka, shi ya sa suke kai ta can ƙurya, inda dandalin ya fi tsukewa, ko dab da bakin tarko. Lissafin kuwa a fili yake. Wanda ya nufi tsakiyar dandali ya samu, zai mirgina sau biyu ya tashi da uku, wata rana ma ta faɗa masa da biyu. Wanda ya nufi tuta ya kuskure da taku uku zai iya tashi da biyar ko shida. Ribar bugu ɗaya ce ake saye da kasadar bugu uku, kuma babu ɗan kasuwar Kantin Kwari da zai karɓi wannan ciniki.

Mafi kyawun shaida a kan haka ba a Troon ta faru ba, a Augusta ne ta jihar Jojiya a Amurka, a rami na 12 mai yadi 155, wanda wani rafi ya ratsa ta gabansa. Tom Weiskopf, mutumin da ya ci Open a Troon a 1973, shekarar Sarazen, ya jefa ƙwallo biyar cikin wannan rafi a 1980 ya tashi da 13. Jordan Spieth a 2016 ya shiga ramuka tara na ƙarshe da tazarar bugu biyar, ya zo nan ya faɗa ruwa sau biyu ya yi bakwai, Danny Willett ya tafi da kofi. A ranar ƙarshe ta gasar 2019, tuta tana can dama inda aka saba kafa ta ranar Lahadi, mutum huɗu cikin masu neman kofi, Brooks Koepka da Ian Poulter da Francesco Molinari da Tony Finau, duk suka faɗa ruwa. Tiger Woods, wanda a lokacin shekarunsa 43, bayansa kuma ya sha wuƙar likita, bai kalli tutar ba. Ya buga can hagu, tsakiyar dandali, nesa da rami, ya mirgina sau biyu ya karɓi ukunsa, ya je ya ci gasar. Ina ganin saurayin da Kan Sarki ya yi wa bulala a 1997 yana cikin mutumin da ya yi wannan zaɓi.

Idan kuma an riga an faɗa yashi, nan ne ake bambance wanda zai yi huɗu da wanda zai yi takwas. Doka ta hana taɓa yashi da sanda dab da ƙwallo kafin bugu. Ana buɗe bakin sanda ne, a daki yashin da ke bayan ƙwallo, yashin ya ɗauko ta ya fito da ita. Matsalar Akwatin Gawa ita ce ƙunci: ƙwallo takan tsaya jikin bango, babu wurin ɗaga sanda, wani lokaci ƙafa ɗaya a ciki ɗaya a waje. Idan aka buga a hankali bango ya maido ta. Idan aka buga da ƙarfi ta tsallake siririn dandalin ta faɗa tarkon dama, wanda ya fi zurfi, daga can kuma a sake tsallakowa hagu. Gaba damisa, baya siyaki, kuma wannan zirga-zirga ce ta cinye Tissies. Mai hankali yakan duba ta inda bango ya fi gajarta ya fita ta nan, ko da gefe ne, ko da baya ne, ko da 'yan kallo za su yi gunaguni. Doka ma ta buɗe wasu ƙofofi: da tarar bugu ɗaya mutum yana iya komawa inda ya buga na farko ya sake, kuma tun 2019 da tarar bugu biyu yana iya fitar da ƙwallo bayan tarkon gaba ɗaya. Ba kasafai ake ganin mai bin waɗannan ƙofofi ba, domin kowa yana ganin bugu na gaba ne zai fitar da shi.

Taken kulob ɗin Royal Troon da Latin yake, ma'anarsa kuwa ita ce da dabara kamar yadda da ƙarfi. A wannan zamani ɓangaren ƙarfin ne ya rinjayi wasan. Sanduna da ƙwallaye na zamani, da 'yan wasa masu ɗaga ƙarfe, sun sa nisan bugu yana ta ƙaruwa, filaye kuma suna ta ja da wuraren bugu baya domin su kare kansu. Filin Troon ya kai yadi 7,385 a 2024. Kowane ƙarin yadi ƙarin ƙasa ne da za a saya, da ruwa da taki da ma'aikata, da ƙarin lokacin da za a ɓata ana tafiya, kuma duk wannan yana komawa kan kuɗin shiga, wasan ya ƙara nisa da talaka. Abin ya kai hukumomi biyu masu tsara dokokin wasan, ta St Andrews da ta Amurka, suka sanar a Disambar 2023 cewa za su sauya yadda ake gwajin ƙwallo domin a rage mata gudu. Ana ta jayayya a kan haka har yanzu. Ni dai a ganina ramin nan na takwas hujja ce da ba a ba ta haƙƙinta a wannan muhawara ba: fiye da shekara 100 ba a buƙaci a mayar da shi dogo ba, kuma gwanayen 2024 sun ji tsoronsa kamar na 1950. Ga shi kuma shi ne rami ɗaya a filin da tsohuwa 'yar shekara 70 da zakaran duniya za su iya kai ƙwallo dandali da bugu ɗaya, su kuma faɗa tarko ɗaya. Masu kula da filayenmu na Arewa, inda ruwa ke da tsada har aka daɗe ana yin dandali da yashi gauraye da mai a madadin ciyawa, sun fi kowa buƙatar jin cewa wahalar rami ba sai da faɗin ƙasa ba.

Ba zan bar Troon da yabo zalla ba. Wannan kulob bai yarda mata su zama mambobinsa ba sai a 2016, makonni kaɗan kafin gasar Open ta shekarar, bayan surutu ya yi yawa. A 2020 kuma aka buga babbar gasar mata a filin, Sophia Popov ta Jamus ta ci. Kuma golf ɗin da ya fi burge ni a garin ba a bayan wannan katanga yake ba. Ƙaramar hukumar yankin tana da filaye uku na jama'a a Troon, Darley da Lochgreen da Fullarton, inda na ga 'yan makaranta da jakunkuna a kafaɗa da 'yan fansho suna bin layi ɗaya. A nan ne mutum zai gane cewa a Sikotlan wasan na gari ne kafin ya zama na masu hali.

Daga rami na tara filin yakan kai iyakarsa ta kudu, inda jiragen sama ke saukowa ƙasa-ƙasa zuwa filin jirgin Prestwick. Can gaba kaɗan tsohon filin golf na Prestwick yake, inda aka fara gasar Open a 1860 da 'yan wasa takwas, Willie Park babba, mahaifin wanda ya raɗa wa Kan Sarki suna, ya zo na ɗaya. Daga nan sai a juyo arewa, iska a fuska har gida. Rami na 11 yana manne da layin dogon da ke zuwa Ayr, katangar dutse ce kawai tsakani, kuma a nan Jack Nicklaus ya yi bugu 10 a 1962, zuwansa Open na farko. A wannan rabin ne Henrik Stenson ya ƙarasa 63 ɗinsa a ranar ƙarshe ta 2016 ya kayar da Phil Mickelson, wanda ya buga 65 bai yi kuskuren ko rami ɗaya ba.

Rami na 17 shi ma mai ƙa'idar uku ne, amma ya kusa ninka Kan Sarki tsawo, dandalinsa a kan tudu, gefunansa suna zubar da ƙwallo. A rana ta uku ta gasar 2024, ranar da Lowry ya shiga Akwatin Gawa, ana ruwa ana iska har wasu suna zaro sandar da ta fi kowacce nisa domin su kai, Si Woo Kim na Koriya ta Kudu ya jefa ƙwallo rami a nan da bugu ɗaya daga yadi 238.